KUMBURIN DA KE ƁUYA CIKIN TSOKA: CIZON MAGE DA LASAR KARE BA ABIN RAINAWA BA NE

A ƙasar Madarunfa gidaje da yawa na da mage. Wasu na ce mata kyanwa, wasu mussa. Ita ce mai gadin rumbu, ita ke hana ɓera ɓarnar hatsi. Kare ma yana da nasa aiki. Makiyayi na tafiya da shi bayan garke, mai lambu na barin shi gadi da dare, mafarauci kuwa ba ya shiga daji sai da shi. Dabbobin nan biyu masu amfani ne, ba mai cewa a kore su. Amma cikin bakinsu akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. In suka shiga jikin mutum suna iya tara mugunya can ƙasa, cikin nama, inda hannu ba ya jin ta. Kumburi irin wannan yana kwantar da ƙato a tsakiyar damina. Yana hana yaro tafiya. In aka yi sake da shi, yana kisa.

MARURU DABAN, WANNAN DABAN

Kowa ya san maruru. Yana fitowa bisa fata, ya yi ja, ya yi kai, ya nuna, ya fashe, mutum ya huta. Shi ya sa in kumburi ya fito wa mutum, abin da ƴan'uwa ke cewa shi ne a jira ya nuna. To, wannan ciwo ba ya nuna a waje.

Likitoci na ce masa fiyomiyozit, wato mugunya cikin tsoka. Ya fi kama manyan tsokoki: cinya, ɗuwawu, sha-raɓa, damtse, da wata tsoka da ke can cikin kwankwaso, wadda mutum ke ɗaga ƙafa da ita. Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya ga wani farin tantani mai ƙarfi da ke lulluɓe da nama. Mutum ma yana da shi. Ƙarƙashin wannan tantani mugunya ke taruwa, kuma ba ta da hanyar fita. Sai ta yi ta cin nama tana ƙara yawa, fata kuwa a sama lafiya lau.

A kwanakin farko wurin yana ciwo kamar an yi targaɗe, ko kamar an sha aiki. Jiki yana ɗan zafi. In an danna wurin sai a ji shi da tauri kamar icce. Ba ja, ba kai, ba laushi. A wannan lokaci mugunya ba ta taru ba tukuna, kuma sau da yawa magani kaɗai ya isa, ba sai an tsaga ba. Amma kaɗan ne ke zuwa likita a lokacin. Manomi zai ce gajiyar noma ce. Uwa za ta ce yaron faɗuwa ya yi wurin wasa, a kai shi wurin maɗori a murza masa.

Daga kamar kwana 10 zuwa sati 3 abin ya kan fito fili. Zazzaɓi ya yi zafi, ga rawar sanyi, ƙafa ta kumbura, barci ya gagara. Mafi yawan masu ciwon sai a nan suke isa asibiti, bisa amalanke ko bisa babur, kuma a nan dole ne a tsaga a fitar da mugunya. In an wuce nan ma ba a yi kome ba, ƙwayoyin cuta su shiga jini. Jini ya kai su huhu, ko zuciya, ko ƙoda, ko ƙashi. Mutum ya fita hayyacinsa. A nan ne ake rasa rai.

Akwai abin da ke ruɗa mutane ƙwarai a ƙasar nan, shi ne zazzaɓin sauro. Da damina duk wanda jikinsa ya yi zafi, sai a ce sauro ne. Wani lokaci ma an yi awon jini, an ga na sauron, an ba da magani. Amma mutum na iya ɗaukar cuta biyu lokaci guda. In an sha maganin zazzaɓin sauro kwana 3 jiki bai yi sanyi ba, kuma akwai wuri guda a cinya ko ɗuwawu da ke ciwo, a koma likita a nuna masa wurin da yatsa.

Na cikin kwankwaso ya fi duka ɓuya, don ba a ganin kumburi ko kaɗan. Alamarsa ita ce yaro ya tanƙwashe ƙafa guda, ya ƙi miƙe ta. In an ja ta ya yi ƙara. In ya tashi tafiya sai ya duƙa yana ɗingishi. Yaro mai zazzaɓi da ƙafa a tanƙwashe ba na ɗori ba ne, ba kuma na turare ba ne. Na likita ne, ranar nan.

Dattawa na tuna lokacin kurkunu, sa'ad da kumburin ƙafa ke hana rabin gari zuwa gona. Wannan ya wuce. A shekara ta 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa babu sauran kurkunu a Nijar. Saboda haka wanda ƙafarsa ta kumbura yau, kada ya zauna jiran kan tsutsa ya fito. Makiyaya kuma sun san harbin daji, wanda ke kumbura cinyar saniya daga ciki ya kayar da ita cikin kwana ɗaya ko biyu. Ba cuta ɗaya ba ce da ta mutane, ƙwayoyinsu daban ne. Amma wanda ya taɓa yanka irin wannan dabba ya ga yadda nama ke lalacewa a ciki alhali fata ba ta nuna kome ba.

DAGA INA ƘWAYOYIN KE ZUWA?

Ciwon ba sabo ba ne. Tun shekara ta 1885 wani likita Bajamushe mai suna Scriba, wanda ke aiki a ƙasar Japan, ya bayyana shi. Ya fi yawa a ƙasashe masu zafi. A shekara ta 1979 wani likitan fiɗa na birnin Benin a Nijeriya, mai suna Chiedozi, ya ba da labarin mutum 112 da aka yi wa magani. A jikinsu an ƙidaya wuri 205 da mugunya ta taru. Wato da yawansu ba kumburi guda ne da su ba. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya su ma sun yi rubutu kansa, ga yara da ga manya. Ya fi kama yara da samari, kuma maza sun fi mata.

Gaskiyar magana, mafi yawan masu wannan ciwo ba dabba ce ta ba su ba. A ƙasashe masu zafi, cikin mutum 10 kusan 9 ƙwayar da ake samu ita ce wadda ake kira istafilokok. Ita ce dai mai kawo maruru. Tana zaune bisa fatar mutum da cikin hancinsa, kuma kusan mutum 1 cikin 3 na yawo da ita ba tare da ta yi masa kome ba. Ta kan shiga jini ta wani ƙurji ko ƙaiƙayi da aka sosa. Tsoka mai lafiya ba ta cika karɓar ta ba. Amma in tsokar ta bugu, ko saniya ta hauri mutum, ko ya faɗo daga jaki, to ta samu masauki. Allurar da wanda bai koyi aikin ba ke yi a ɗuwawu ko a cinya ita ma hanya ce.

Na dabbobi bai kai wannan yawa ba, amma yana da halinsa daban, kuma shi ne mutane ba su sani ba. Babbar ƙwayarsa ana ce mata fasturela. Ta samo sunan daga Louis Pasteur, masanin ƙasar Faransa, wanda ya yi aiki a kanta a shekara ta 1880, lokacin da yake binciken wata annoba ta kaji. Likitocin dabbobi sun san ta sarai. Wani irinta ne ke kumbura maƙoshin shanu ya kashe su da damina, kuma ma'aikatar LABOCEL ta Yamai na yin allurar rigakafin dabbobi domin ta.

Ita mage ba ta cika ciwo da ita ba, galibi ɗaukar ta kawai take yi. Cikin mage 10, daga 7 zuwa 9 na da ita a baki, ko da magen ƙosasshiya ce mai tsabta. Karnuka ba su kai haka ba, amma da yawansu na da ita, tare da waɗansu ƙwayoyin. Mage kuma tana lasar ƙafafunta, don haka yaƙushinta ma yana iya ɗaukar cutar.

Abin mamaki, cizon mage ya fi na kare ruɓewa. Kare yana yage fata, rauni ya buɗe, jini ya zuba, kowa ya tsorata, a wanke, a tafi likita. Haƙorin mage kuwa siriri ne kamar allura. Yana shiga can ciki ya ajiye ƙwayoyin, ya fita, ya bar ɗan ɗigo biyu. Kafin yamma bakin ramin ya rufe. Likitoci sun ƙiyasta cewa cikin cizon mage 10, daga 3 zuwa 5 na komawa ciwo. Na kare bai cika wuce 1 ko 2 ba.

Fasturela ba ta da jinkiri. Kafin kwana guda, sau da yawa ma cikin rabin yini, wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya yi ciwon da ya fi girman raunin. Hannu ne wurin da ya fi haɗari, don jijiyoyi da gaɓoɓin yatsu na kusa da fata. Yatsan da mugunya ta ci jijiyarsa yana iya sandarewa har abada, kuma hannun da ba ya damƙa ba ya riƙe hauya, ba ya tatsar nono. In cizon a cinya ne ko a sha-raɓa, haƙori na iya kai ƙwayoyin cikin tsoka kai tsaye.

Ba sai an ciji mutum ba. Lasa ma hanya ce, in akwai rauni a buɗe. Tsoho mai gyambo ya kwanta a inuwa, kare ko mage ta zo ta lashi wurin. Mai faso a ƙafa lokacin hunturu, haka. Jariri da cibiyarsa ba ta warke ba, haka. Wasu na cewa yawun kare na warkar da miki. Ba gaskiya ba ne. Daga raunin ƙwayoyin na iya shiga jini, su je su sauka a wata tsoka nesa da wurin da aka lasa. Wannan ya fi samun masu raunin jiki: tsofaffi, masu ciwon suga, masu ciwon hanta, masu sida, masu amosanin jini, da yara masu tamowa.

Malamai sun karantar cewa mage ba najasa ba ce, har ma sahabin nan Abu Huraira daga ƴar kyanwa ya samo laƙabinsa. Wannan haka yake. Amma maganar tsarki daban, maganar ƙwayar cuta daban. Ruwan rijiya ma mai tsarki ne, kuma yana iya sa zawo.

A GAYA WA LIKITA MAGANAR DABBAR

Mutum ya zo likita da kumburi. An tambaye shi abin da ya same shi, ya ce ba kome, haka ya tashi ya gan shi. Ya manta da magen da ta cije shi shekaranjiya a bakin rumbu. Ko yana jin kunya ya ce mage ce ta kawo babban mutum asibiti. Yaro kuwa ya kan ɓoye, don tsoron duka, tunda shi ya ja wutsiyarta.

Wannan shiru yana da tsada, domin maganin ƙwayoyin biyu ba ɗaya ba ne. In likita ya ga kumburi mai mugunya, hankalinsa na zuwa ga istafilokok, tunda ita ta fi yawa. Sai ya ba da maganinta, kamar wanda ake kira kulokzasilin. To, fasturela ba ta cika jin wannan magani ba. Mutum zai sha har ya ƙare, kumburi na ƙaruwa, ya ce maganin likita ba ya aiki, ya koma gida. Da ya ce mage ce, da an ba shi wani dabam, kamar amokzisilin da aka haɗa da asid kilabulanik, wanda ke kama duka biyun. Magana guda ce ke canza takardar magani.

Saboda haka a faɗi kome: wace dabba ce, ta gida ce ko baƙuwa, cizo ne ko yaƙushi ko lasa, wace rana, kuma dabbar tana nan da rai ko ta mutu. Iyaye su tambayi yaro da lallashi, ba da bulala ba.

Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa kafson tebur ba abin dogara ba ne. Mai tallar magani a kasuwa bai san wace ƙwaya ce ba. Zai ba da kafso 4 ko 6, gwargwadon kuɗin mutum. Zazzaɓi ya ɗan lafa, mugunya na nan inda take. Babu maganin sha da ke kwashe mugunyar da ta riga ta taru.

Sakiya fa? Wanzamai sun daɗe suna huda kumburi da ƙarfe mai zafi, kuma ga ƙurjin da ke bisa fata mutane sun ga mugunya ta fita. Amma na cikin tsoka ya fi ƙarfin sakiya. Yana da nisa, wani lokaci aljihu biyu ne ko uku, kuma cikin cinya akwai babbar hanyar jini. In ƙarfe ya same ta, jini ba ya tsayawa kafin a isa Madarunfa. Ga kuma tetanos, ciwon nan mai ƙulle haƙora. Wanzamin da ya taɓa kumburi ya ji shi da tauri, mai shi kuma yana zazzaɓi, babban taimakon da zai yi shi ne ya ce a tafi likita. Maganarsa ta fi ta kowa shiga kunnen mutanen gari.

ABIN DA AKE YI A ASIBITI

Ana farawa daga likitar da ta fi kusa, ko ta Gabi ce, ko ta Ɗan Isa, ko ta Safo, ko ta Sarkin Yamma, ko ta Jiratawa. In abin ya fi ƙarfinsu su tura asibitin Madarunfa. In ya fi nan, Maraɗi ba ta da nisa, kilomita 20 ne da ƴan kai. Inda akwai na'urar hoton ciki da ake kira eko, irin wadda ake duba mata masu ciki da ita, tana nuna inda mugunya ta kwanta. Inda babu, likita na iya soka allura mai tsabta ya ja ya gani.

In akwai mugunya, ana kashe zafin wurin ko a sa mutum barci, a tsaga, a kwashe ta duka, a wanke. Ba a ɗinke raunin nan take. Ana barin shi a buɗe da ɗan roba ko ƙyalle mai tsabta, don saura ta fita, ya warke daga ciki zuwa waje. Kada dangi su ga haka su ce likita bai gama aikinsa ba. Magani kuwa yana ɗaukar sati 3 zuwa 4, wani lokaci fiye. Jiki kan yi sanyi cikin ƴan kwanaki, kuma a nan ne mutane ke ajiye magani su koma gona. Wanda ya yi haka yana iya dawowa da kumburi na biyu.

Labari mai daɗi shi ne tsoka tana warkewa sosai. Wanda aka tsaga a kan lokaci ya kan koma aikinsa kamar da, sai dai tabo. A riƙa motsa ƙafar da zarar likita ya yarda, kada gwiwa ta sandare. A ci abin da ke gina jiki: wake, ƙuli-ƙuli, nono, zogale, da kifin tafki in ya samu.

Maganar kuɗi ita ke tsayar da mutane da yawa. Tun shekara ta 2006 hukuma ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, kuma a shekara ta 2024 ta rage kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati. Duk da haka akwai kuɗin mota, da na magani in ya ƙare a wurin. Amma wanda ya zo a satin farko kuɗin kafso kawai zai biya. Wanda ya zo a sati na uku, ga fiɗa, ga kwanciya, ga mai jinya da shi ma ya bar gonarsa.

IN DABBA TA CIJI MUTUM

Aikin farko a gida yake, kuma ba ya buƙatar kome sai ruwa da sabuni. A wanke wurin nan take, ana zuba ruwa da buta yana gudu, har minti 15. Lokaci ne mai tsawo, a duba agogon salula, kada a yi da ka. In akwai betadin a shafa. Kada a sa toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko barkono, ko man mota, ko gashin karen da aka ƙona. Kada a ɗaure da ƙarfi. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi likita ranar nan, ko da raunin ɗigo biyu ne. Ga cizon mage mai zurfi, da duk cizon da ke a hannu ko a fuska, likita kan ba da magani na kwana 3 zuwa 5 tun kafin wurin ya kumbura. Zai kuma duba maganar allurar tetanos.

Yara su ne aka fi cizo. A hana su taɓa magen da ke da ƴaƴa, da karen da ke cin abinci ko yake barci. Mai gyambo ya rufe gyambonsa. Kada a bar mage ta kwana a shimfiɗar jariri.

Akwai kuma wata cuta dabam da cizo ke kawowa, wadda ta fi kumburi muni: haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga kare suka samo ta. Mage ma tana iya ɗaukar ta. In alamarta ta bayyana ga mutum, babu magani. Amma akwai allurar rigakafi da ake yi bayan cizo. Pasteur ɗin nan dai shi ya fara gwada ta ga wani yaro a shekara ta 1885, yaron kuwa ya rayu. Maganin kumburi ba ya hana haukan kare, allurar haukan kare kuma ba ta hana kumburi. Kowanne da nasa.

Karen da ya ciji mutum, in na gida ne, kada a yi gaggawar kashe shi. A ɗaure shi inda yara ba su zuwa, a ba shi abinci da ruwa, a sa masa ido aƙalla kwana 10, a kuma sanar da likitan dabbobi. In ya canza hali, ko ya ƙi ci, ko ya mutu, ko ya ɓace, a gaya wa likita nan da nan. Wanda aka ciza kuwa ba ya jiran kwanakin nan su cika. Shi tun ranar farko yake tafiya.